MOTA MAI RAWA A SILO, MAI MUTUWA A HANYA: YADDA AKE GANO CIWONTA

'Yan'uwana fatake, dillalai, da direbobin da ke ɗawainiya da mu, yau ba kan farashin shanu zan yi magana ba. Magana ce kan abin hawan da ke kai mu inda shanun suke. Ni ba bakanike ba ne, ɗan tike ne kamar ku. Amma na yi sama da shekara ashirin ina riƙe da tsohuwar mota, kuma abin da zan faɗa na saye shi da kuɗina da gumina.

Wasu shekaru da suka wuce, wata Laraba da dare, na tashi daga Damagaram da niyyar in kwana kusa, in shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis da sassafe. Ina cikin motata Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ni da yarona da kuɗin mutane uku da suka ba ni saƙon shanu. Kwana biyar kafin wannan rana motar tana rawa in na tsaya, tana mutuwa in na ɗaga ƙafa daga totur. Na ce ai halin tsufa ne. A hanya ta mutu sau huɗu. A na biyar ta ƙi tashi, muka kwana a daji, ido biyu, kuɗin amana a ƙugu. Da gari ya waye aka kawo wani bakanike, ko duba ta sosai bai yi ba ya ce kafireto ne ya gama aiki. Na biya, aka ɗaura wani na hannu. Ta tashi, amma rawar tana nan. Sai bayan azahar na isa kasuwa, na tarar an kwashe na kirki, an loda tireloli. Bayan mako guda wani dattijon makaniki ya buɗe murfin injin, ya kasa kunne na minti biyu, ya nuna mini wani tiyo da ya tsage, tsawonsa bai kai taƙi ba. Kuɗin tiyon bai kai na buhun dusa ba. Shi ya jawo rawar. Mutuwar daren nan kuwa ruwa ne a cikin man da na sha a bakin hanya. Kafiretona na asali lafiyarsa ƙalau.

To, don kada wani ya sake shiga irin wannan, ga abin da na koya.

MENE NE SILO?

Silo shi ne aikin inji lokacin da mota take tsaye a kunne, ba ka taka totur ba. A irin motocinmu na fetur inji kan juya sau 800 zuwa 900 a minti ɗaya idan ya yi ɗumi. Kowane inji na fetur yana bukatar abu huɗu: iska, mai, wuta, da matsi a cikin silinda. Kuma kowanne sai ya zo daidai gwargwado, a daidai lokacinsa. Ta fuskar nauyi, kashi ɗaya na fetur yana bukatar kusan kashi 15 na iska. In iska ta yi yawa inji ya ji yunwa, in mai ya yi yawa ya shaƙe.

Abin da ya sa ciwo ya fi bayyana a silo shi ne, a lokacin ƙofar totur kusan a rufe take. Ɗan man da ke shiga kaɗan ne, ta wata 'yar kafa mai kama da kafar allura yake bi. Injin kuma ba shi da ƙarfin gudu da zai ɓoye aibi. Kamar sa ne: in ana kora shi a guje cikin garke ba ka ganin ɗingishinsa, sai ya tsaya ko yana tafiya a hankali. Saboda haka motar da ke rawa a silo tana yi maka gargaɗi ne. Ni na ƙi ji, na gani.

KAFIN KA TAƁA SIFANA, YI TAMBAYA

Ba wanda ke sayen sa bai dubi haƙori da ido da kashi da tafiya ba. Haka mota. Kafin a kwance ko noti ɗaya, ka amsa wa kanka waɗannan:

1. Yaushe abin ya fara? Bayan shan mai a wani wuri ne, ko bayan wani gyara, ko bayan bin hanya mai gargada, ko bayan ratsa ruwa?
2. Da sanyin safiya take yi, ko sai ta yi zafi?
3. A tsaye kaɗai take mutuwa, ko har a gudu da hawan tudu?
4. In ta mutu tana tashi nan take, ko sai ta huta?
5. Wane irin hayaƙi ke fita daga salansa?

Waɗannan amsoshi rabin gyara ne. Ga fassararsu a taƙaice. In tana gudu lafiya amma tana mutuwa da zarar ka ɗaga ƙafa, ka zargi jet ɗin silo ko iskar sata. In tana silo lafiya amma tana shaƙewa a hawan tudu ko da kaya, mai ne ba ya isowa: matacin mai ko famfo. In sai ta yi zafi take mutuwa, ta huta rabin sa'a ta tashi, ka zargi kwayil, ko kwandansa, ko man da ya tafasa a cikin bututu. In da safe kawai take yi, ka dubi cok da raɓar da ta shiga delko. In abin ya fara ran da ka sha mai, to man ne har sai an tabbatar ba shi ba ne.

Hayaƙi ma yana magana. Baƙi, mai ya yi yawa. Shuɗi, injin yana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, ruwan lagireto ne ke shiga silinda. Ɗan farin tururi da sanyin safiya ba komai ba ne.

Dokar aikin ita ce: a fara da mai araha da sauƙin dubawa, a ƙare da mai tsada.

NA ƊAYA: MAI

Mu masu ƙetare iyaka mun san ba kullum ake samun gidan mai ba. Ko da yake matatar Soraz ta Damagaram ta fara aiki tun 2011, a ƙauyukan kan iyaka har yanzu sau da yawa wajen 'yan ruwa-ruwa ake sha, waɗanda a Najeriya ake kira 'yan bumburutu. Ba duka ne masu algus ba, da yawansu mutanen kirki ne. Amma jarka da mazurari da kwalba suna tara ƙura da ruwa ko ba a yi niyya ba. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗinsa ya tashi, kuma kowa ya san in kaya ya yi tsada mai haɗa shi da wani abu ba ya rasuwa.

Gwajin mai sauƙi ne. Zuba man a kwalba mai tsabta ta gilashi, ka ajiye ta minti biyar. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, ka gan shi kamar ƙwallon dutse ko layi daban. Ka ɗiga kaɗan a farar takarda: fetur zalla ya bushe ba tabo, wanda aka haɗa da kananzir ko gas ya bar maiƙo. In akwai ruwa a tanki, sai an zazzage shi, an wanke kofin kafireto, an canza matacin mai. Ba wata dabara bayan wannan.

Sai matacin mai. Irin na roba mai haske kana iya ganin dattinsa da ido. Ka cire shi ka hura ta inda mai ke shiga. In ya yi tauri, jefar. Ba shi da tsada, ka riƙa ajiye biyu a mota.

Sai murfin tanki. Tanki yana bukatar shaƙar iska yayin da mai ke raguwa. In kafar numfashinsa ta toshe, mota ta yi tafiyar kilomita kaɗan ta mutu. Ka buɗe murfin. In ka ji ya ja iska fuu, motar kuma ta tashi, ka kama ɓarawon.

Sai famfon mai. A Fijo da tsofaffin Toyota da Nissan injin ne ke tura famfon, a cikinsa akwai wata fatar roba. In ta huje mai ya ragu, wani lokaci ma fetur ya zube cikin baƙin mai. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka sunsuna. In yana warin fetur, ko ya ƙaru alhali ba ka ƙara ba, kada ka ci gaba da tafiya, domin baƙin man ya tsinke, ba zai kare injin ba.

A bazara akwai wani abu kuma. In rana ta take, an tsaya a shingen kwastan ko duwan mota tana kunne, zafi kan tafasa fetur a cikin bututu ya koma tururi, famfo kuwa ba ya jan tururi. Ka kashe ta, ka buɗe murfin injin, ka jiƙa tsumma ka ɗora kan famfon. In ta tashi bayan haka, a duba ko bututun mai ya matsa kusa da bututun hayaƙi.

NA BIYU: ISKA

Iska tana ɓata silo ta hanya biyu: ta yi kaɗan, ko ta yi yawa.

Ta yi kaɗan in matacin iska ya toshe. A hunturu, da hazo da ƙurar kara da ta burji, mataci kan cika cikin 'yan makonni. Alamarsa baƙin hayaƙi, shan mai da yawa, da rashin ƙarfi. Ka cire shi na minti ɗaya mota tana tsaye. In silo ya gyaru, shi ne. Amma jama'a, kada a yi tafiya ba mataci. Na ga direbobi suna cire shi su jefa bayan kujera wai don mota ta yi numfashi. Rairayin da zai shiga shi zai cinye ringi da silinda, ka tsere wa ƙaramin kashe kuɗi ka faɗa babba.

Ta yi yawa in akwai iskar sata, wato iskar da ke shiga injin ta bayan kafireto, ba a auna mata mai ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A silo injin yana zuƙa da ƙarfi saboda ƙofar totur a rufe take, don haka ko 'yar tsaga ta isa ta lalata lissafi. A gudu kuwa ba a jin ta sosai. Wannan shi ne ciwon motata.

Wuraren da take shiga: ƙananan tiyo na roba da zafi ya busar, babban tiyon da ya tafi tukunyar birki, gasket ɗin gindin kafireto, gasket ɗin manifol, da sandar totur in ta cinye mazauninta.

Yadda ake kama ta: ka kasa kunne, za ka ji wani ɗan sauti siii kamar maciji. Ka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya kana matse shi da filaya. Wanda ka matse silo ya daidaita, ɓarnar tana ta wajensa. Ga wani gwajin: inji ya yi zafi, ka ɗan ja cok kaɗan. In rawar ta ragu, injin yunwar mai yake ji, ke nan iskar sata ce ko jet ya toshe. In ta ƙaru, ciwon yana wani wuri. Haka kuma in kana taka birki silo yana canzawa ko mota ta mutu, fatar cikin tukunyar birki ta huje. Wannan ba na jira ba ne, domin ya shafi rai.

Wasu kanikawa suna fesa fetur a jikin gasket su ji ko sautin zai canza. Gwajin yana aiki, amma na taɓa ganin wuta ta tashi. A fesa ruwa kaɗan, shi ma yana canza sautin, ba ya kuma ƙona kowa.

NA UKU: WUTA

Tsofaffin kanikawa suna cewa yawancin abin da ake ɗora wa kafireto laifin wuta ne. Na yarda da su.

Ka fara da fulogi, wanda a Nijar muke ce wa buji. Ka kwance su ka jera bisa tsari, kada ka cakuɗa, domin kowanne yana ba da labarin silindarsa. Mai launin ƙasa-ƙasa, lafiya. Baƙi busasshe kamar kunkunniya, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai na hawowa. Fari fat, yunwar mai ce ko zafi. In guda ɗaya ne ya bambanta, ciwon na silinda ɗaya ne. In duka huɗun iri ɗaya ne, ciwon na kafireto ne ko kwayil ko delko. A Fijo 504 tazarar bakin fulogi milimita 0.6 ce.

Sai gwajin cire waya. Mota tana silo, ka sa filaya mai hannun roba ka zare wayar fulogi ɗaya. In injin ya ƙara rawa, wannan silinda tana aiki, mayar. In ka zare ba abin da ya canza, ita ce matacciya. Daga nan ka sauya mata fulogi da na maƙwabciyarta. In ciwon ya bi fulogin, ka gano. In bai bi ba, ka sauya waya. In ya zauna daram, to maganar ta koma cikin injin. Kada ka kama waya da hannu, kuma wannan gwaji na motoci masu kwantak ne. Masu wutar lantarki ta zamani yana iya ƙona musu kaya.

Da dare ka buɗe murfin injin a cikin duhu mota tana kunne. In ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle a jikin wayoyi, sun tsufa, wuta na zuba a hanya.

Sai delko, wanda a Najeriya ake kira distributa. Ka buɗe hularsa ka duba tsaga, ko wani siririn baƙin layi kamar zanen fensir, ko raɓa. A damina da bayan wankin mota, goge cikinta da busasshen ƙyalle kaɗai kan tayar da mota. A ƙarƙashin hular akwai kwantak. Yana buɗewa yana rufewa dubban sau a minti, don haka yana cinyewa, tazararsa tana raguwa. A Fijo milimita 0.4 ake so. In fuskarsa ta ƙone ta yi rami, a canza shi tare da kwandansa. Duk lokacin da aka taɓa kwantak sai a sake saita lokacin wuta, domin ɗaya yana motsa ɗaya.

In an cire wayoyi an mayar, a tabbata ba a juya su ba. Tsarin wutar Fijo 1, 3, 4, 2 ne, kuma a wannan injin silinda ta ɗaya ita ce ta baya, wajen kulochi, ba ta gaba wajen fanka ba. Yaran gareji da suka saba da motocin Japan sukan ruɗe a nan.

Game da motar da ke mutuwa in ta yi zafi, ga yadda za ka raba gardama, amma sai ka yi nan take kafin ta huce. Ka zare babbar wayar da ta fito daga kwayil ta shiga tsakiyar delko, ka riƙe bakinta da filaya kusa da ƙarfen injin, nesa da kafireto, yaronka ya murɗa makulli. In ba tartsatsi, ko ja ne mai rauni, wuta ce. In shuɗi ne mai ƙara, ka koma ga mai: ka cire matacin iska, inji a kashe, ka leƙa maƙogwaron kafireto, a taka totur. In ba ka ga mai ya tsarto ba, kofin kafireto ya bushe.

Kada a manta da batir. Kan batir mai gishiri, ko wayar da ta haɗa injin da jikin mota in ta saki, suna sa mota ta mutu ba dalili. In kunna fitilu yana kashe ta, a auna caji: batir mai lafiya kusan bolt 12.6 yake a kashe, in inji na aiki ya kai 13.5 zuwa 14.5.

NA HUƊU: KAFIRETO

Sai an wanke mai da iska da wuta daga zargi ake zuwa nan. Abu huɗu ne suka fi yawa.

Jet ɗin silo. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta toshe shi. A kwance, a wanke da fetur, a hura da iska. Kada a zura masa waya ko allura, domin tagulla ce mai laushi. Kafar ta faɗaɗa, motar ta koma shan mai har abada.

A wasu kafiretoci akwai ɗan abu mai waya ɗaya a jikin jet ɗin, aikinsa ya yanke mai in ka kashe mota. In wayarsa ta cire ko ya lalace, mota ba za ta yi silo ba sam. Ka kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, ka cire wayar ka mayar. In kana jin ƙas, yana aiki.

Fulot da allurarsa. Su ke tsayar da mai in kofi ya cika. In allura ta cinye ko fulot ya huje, mai ya yi ambaliya: warin fetur, baƙin hayaƙi, wuyar tashi in ta yi zafi.

Cok. In ya maƙale a rufe, mota ta shaƙe bayan ta yi ɗumi. Ka leƙa ka tabbata faifansa yana tsaye sosai in inji ya yi zafi.

Sai maganar sukurori biyu. Ɗaya na saurin silo ne, ɗaya na yawan man silo. Ana saita su ne inji da zafi, cok a buɗe, bayan an gyara wuta. Ana juya na mai a hankali har inji ya kai inda ya fi daɗin sauti, sannan a sauko da sauri da ɗayan. Kafin ka taɓa, ka ƙirga zagaye nawa yake, don ka iya komawa. Kada ka ɗaure shi tamau, bakinsa zai lalace.

A nan zan ja kunne. Akwai gyaran ganin ido: a ɗaga silo sama har mota ta daina mutuwa, a karɓi kuɗi. Wannan daidai yake da ɗura wa ramammen sa ruwa da kanwa ranar kasuwa don ya yi ciki. Ciwon yana nan, ga ƙarin shan mai, ga giya tana ƙara wajen shiga.

NA BIYAR: CIKIN INJI

In duka na sama lafiya, saura matsi. Bawul da ya matse ba ya rufewa sosai, in aka bar shi ya ƙone. A Fijo 504 ana saita su inji da sanyi: na shigar iska milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.25. Wannan aiki ne mai araha, sau da yawa kuma shi kaɗai ke kashe rawar.

Ka riƙe takarda a bakin salansa. In tana turuwa waje kawai, da kyau. In lokaci-lokaci ana zuƙo ta ciki, alama ce ta bawul da ya ƙone, amma alama ce ba hukunci ba. In ruwan lagireto yana raguwa ba yoyo, ko yana kumfa, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, gasket ɗin kan injin ya ƙone.

Kada ka yarda a sauke inji sai an auna matsin kowace silinda da ma'auni a gabanka. Abin dubawa shi ne su yi kusa da juna. In ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. In matsin ya tashi, ringi ne. In bai tashi ba, bawul ne ko gasket. Wannan gwaji na minti goma yana raba aikin kwana ɗaya da na mako guda.

MASU INJEKTA DA MASU GAS

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, an kuma haɗa ta a Kaduna tun daga 1975 har kusan shekara talatin, shi ya sa kayanta da masu gyaranta suka wadata a ƙasashenmu. Amma yawancinmu yanzu sun koma motocin hannu masu injekta. Su ba su da kwantak, ba su da sukurun mai. Ƙwaƙwalwar mota ke lissafi. Duk abin da na faɗa kan gurɓataccen mai, mataci, iskar sata, fulogi da matsi ya shafe su. Abin da ya ƙaru: maƙogwaron totur da bawul ɗin silo suna tara baƙin datti, wanki kan gyara su. In fitilar injin ta kama a gaban direba, a kai inda ake sa na'urar kwamfuta a karanta, kada a yi ta canza kaya da ka. Kuma kada a bari a cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi. In an cire, injin ba ya kai zafin aikinsa da wuri, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai.

Mai gas, wato gazuwal, ba ta da fulogin wuta. In tana rawa ko mutuwa, mafi yawa iska ce ta shiga layin mai, ko ruwa ya taru a gindin mataci, ko matacin ya toshe. A zubar da ruwan, a fitar da iskar, kafin a ce nozul ko famfo.

IN TA MUTU KANA TAFIYA

Wannan ya fi komai. In inji ya mutu, taimakon birki yana ƙarewa bayan taku ɗaya ko biyu, daga nan sai ya yi tauri. Birkin yana nan, amma sai ka taka da ƙarfin gaske. Kada ka yi ta famfa shi. Kada ka zare makulli, sitiyari zai kulle. Ka gangara gefen hanya, ka sa alama nesa da motar ta gaba da ta baya, musamman da dare a hanyar da tireloli ke bi. Kada ka buɗe lagireto da zafi. Kada a kunna ashana ko taba kusa da kafireto a buɗe.

GUZURIN HANYA

Fulogi huɗu, kwantak da kwandansa, matacin mai biyu, tiyo kamu ɗaya, fanbel, filaya, sukudireba, sifanar fulogi, tocila, kwalbar gwajin mai, da ƙyalle mai tsabta na tace mai. Duka ba su kai kuɗin ɗan akuya ba.

In ka je gareji, ka faɗi abin da ka gani da lokacin da yake faruwa, kada ka ce wa bakanike ga abin da zai canza. Ka nemi a canza abu ɗaya, a gwada, kafin a taɓa na biyu. Ka karɓi tsohon kayanka. Bakanike na gari ba ya jin haushin tambaya, kamar yadda dillali na gari ba ya hana ka buɗe bakin sa.

An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mai zuwa Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, ko Mai'aduwa ranar Lahadi, ya saurari motarsa kwana biyu kafin tafiya, tana tsaye a ƙofar gida, ba a tsakiyar daji da kuɗin mutane ba. Wanda ya san wata dabara da ban ambata ba, ya aiko wa wannan shafi don mu ƙaru. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka.